Alƙalamin da za ka kai wa malam

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ƙanenka zai yi sauka bayan Babbar Salla, kana so ka kai wa malaminsa biro na yumɓun roba da ka fere da kanka a inji, amma kana tsoron a ce ka saɓa al'ada, tunda alƙalamin makarantar allo na gamba ne.

Ba ka saɓa komai ba, muddin ka san kowanne da wurinsa. Gamba ita ke hawa allo, domin tawadar gawayi da ƙaro ana wanke ta, wani lokaci ma a sha. Tawadar biro ba ta kusantar allo. Naka na takarda ne: wasiƙa, lissafin ɗalibai. Don haka ka haɗa shi da ɗaurin gamba mai kyau, kuma kada ka ɗauka ya maye gurbin goro da abin sadakar da gida zai fitar. Abu ɗaya na hana ka: kada ka zana aya ko sunan Allah a jikinsa. Biro aljihu yake kwana, da shi ake shiga bayan gida, yana faɗuwa ƙasa a taka. Zanen zayyana mara rubutu ya isa.

To, sai aikin, domin kyautar da ta tsage cikin mako guda ta fi rashin kyautar kunya.

Kayan biro siriri suna zuwa da bututun tagulla biyu, faɗin kowanne milimita 7, tsawonsa ya ɗara santimita 5 kaɗan. Ka goge bayansu da samfefa har ƙyallin ya mutu, in ba haka ba yumɓun zai riƙa zamewa a kansu. Shi kuwa yumɓun, ka murza shi a hannu har ya yi laushi, ya daina tsagewa in ka lanƙwasa. A kan gilashi za ka yi aiki, hannu a wanke, taga a rufe. Ƙurar garin nan ba ta raga wa farin yumɓu. Kada ka ajiye ɗanyensa a ɗakin kwano ko cikin mota lokacin bazara, zafi kan fara gasa shi tun yana cikin leda, ya koma gari-gari.

Ka shimfiɗa shi kaurin milimita 3, ka naɗe bututun zagaye ɗaya, bakin ya haɗu da baki ba tare da ya hau ba. Ka matsa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Iskar da ka bari ita ce ramin da zai buɗe maka ana tsakar fira. Ga inda masu koyo suka fi faɗuwa: sai su liƙa ado siriri a sama, inji ya cinye shi tas, a bar su da launi ɗaya. A bakin bututu abin da ke saura bai kai milimita 1 ba. Dole adon ya ratsa kaurin duka, har ya taɓa tagulla.

Wajen gasawa kuwa, bi abin da aka rubuta a ledar yumɓun. Yumɓu mai suna Fimo digiri 110 ne a ma'aunin Celsius, minti 30, mai suna Premo 130. Ka sa ma'aunin zafi a cikin tanderun, kada ka yarda da lambar da ke jikin makunninsa. Wanda bai gasu ba yana marmashewa a bakin ƙarfe, wanda ya ƙone kuma yana baƙi, ya yi hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. In wuta ta ɗauke ana tsakiya, ka sake lissafin mintinka daga farko. Maimaita gashi ba ya ɓata shi. Garwashi dai a'a. Kada bututun su kwanta a kan faranti, gefe ɗaya zai baje: ka zura su a tsinken ƙarfe ka rataye.

Bayan sun huce sarai, ka daidaita bakunan da tagullar, ka zura su a sandar injin tsakanin zobban awo, wato zobban ƙarfen da ke nuna kaurin da fira za ta tsaya. Kada ka ɗaure notin sandar da ƙarfi, tana lanƙwashewa, biro ya fito kamar ƙwai. Ƙarfen fira ya zama mai kaifi, yanka kaɗan kaɗan. Yumɓun ya fi itace laushi nesa, kuma in ya ɗau zafi sai ya yi danƙo. In ka ga zare siriri na fita, hannunka ya yi daidai.

Samfefa da ruwa, injin a hankali: lamba 400, 600, 1000, har 2000. Tsakanin kowace lamba ka tsai da injin ka goga a tsaye, don kashe layukan zobe. In kana son ƙyalli sosai, shafi siriri na sufa gulu sau uku ko huɗu. Banda jan farce da fentin feshi, suna iya barin shi yana danƙo har abada.

Wajen haɗawa, ƙarfen da ke juya hanjin biron kada ka tura shi gaba ɗaya. Tura kaɗan, gwada hanjin, ƙara kaɗan. In ya zarce, baki zai tsaya a waje, fitar da shi kuma wahala ce.

Ka je wurin dukawa a babbar kasuwa su ɗinka masa kube na fatar jar akuya. Kada ka miƙa ranar walima cikin taro. Ku je da babanka kwana ɗaya kafin nan, bayan La'asar, ka durƙusa, shi ya yi magana, kai ka miƙa da hannun dama.