Kemo ya daina yi wa mahaifinmu aiki: in muka bar magani, mun kashe shi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu manomi ne, shekarunsa 63. Shekara biyu ke nan wani baƙin tabo ya fito masa a diddige, muka ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki. Da ya fashe ya ƙi warkewa muka kai shi asibiti, aka yanki tsoka aka auna, aka ce sankarar fata ce da ake kira melanoma. An yi aiki an cire, daga baya kaluluwa ta fito masa, yanzu hoto ya nuna ciwon ya kai huhu. An yi masa kemo, wato maganin sankara mai ƙarfi da ake sa wa a jini, sau shida, likita ya ce ba ya aiki, ba amfanin ci gaba. Ya ce akwai wata allura ta zamani, amma ba mu da kuɗinta sai mun sayar da gida da gona. Baba ya ce ya gaji, a mai da shi gida. Ƙanwata ta ce in muka yarda mun kashe shi da hannunmu. Kawunmu kuma ya samo mai magani da ya yi alkawarin warkar da shi cikin kwana 40. An rubuta masa morfin saboda zogi, wasu sun ce kayan maye ne. Ni ne babba, kowa ni yake kallo. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba mahaifinku lafiya, ya sa wannan jinya ta zama kankarar zunubi, kai kuma ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi.

Ɗana, bari in fara sauke maka abin da ya fi yi maka nauyi. Dakatar da kemon da likita ya tabbatar ba ya aiki ba zunubi ba ne, ba kisa ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne. Ana shan wahalar magani ne saboda amfanin da ake tsammani. In amfanin ya kau, abin da ya rage amai ne da kasala da raunin jini, kuma shari'a ba ta umurci kowa ya cutar da mara lafiya don kawai a ce ana yin wani abu ba.

Asalin neman magani halal ne, abin so. Usama bin Sharik ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce: ku yi magani ya ku bayin Allah, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, sai cuta ɗaya, tsufa. Abu Dawud da Tirmizi suka fitar. Amma malamai ba su fahimci wannan umurni a matsayin farilla a kowane hali ba. Dubi Risala da muka karanta tun muna yara: a babin magani da tofi Ibn Abi Zaid cewa ya yi babu laifi a yi magani, a sha, a yi tsaga, a yi lalas. "Babu laifi" lafazin halasci ne. Kuma ga hadisin matar nan mai farfaɗiya a Bukhari da Muslim, wadda Annabi ya ba ta zaɓi: in ta so ta yi haƙuri Aljanna tata ce, in ta so ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa buɗewa. Da neman waraka wajibi ne ko ta halin ƙaƙa, da ba a ba ta zaɓi ba.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta tsara wannan magana da kyau. Ta ce magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai ko wata gaɓa, ko cutar mai yaɗuwa ce ga wasu. Yana zama mustahabbi, ko halal kawai, ko makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar da ake son kawarwa. Wajibcin nan a kan maganin da aka san yana ceto yake, kamar tsai da jinin wanda ya yi hatsari ko fiɗa ga mai naƙuda da ta kasa haihuwa. Majalisar ta kuma ce wata magana da nake so ka riƙe da kyau: abin da ake kira ciwon da aka cire rai da shi ya danganta ne ga ƙiyasin likitoci da irin kayan aikin da ake da su a kowane zamani da kowane wuri.

Wannan ya kawo ni inda zan ɗan daɗe, don ina jin tsoron ku ɗauki "kemo ya gaza" a matsayin "magani ya ƙare". A wannan cuta ta melanoma musamman, maganganun biyu ba ɗaya ba ne. Allah ya ce a tambayi ma'abota sani, kuma masu wannan fanni sun yi ittifaƙi cewa kemo shi ne mafi rauni cikin makamansu a kan melanoma. Maganin da aka daɗe ana bayarwa, dacarbazine, tun 1975 aka amince da shi a Amurka, kuma mutum ɗaya ko biyu cikin goma ne ciwonsu ke ja da baya da shi, galibi na ɗan lokaci. Saboda haka gazawarsa a jikin mahaifinku ba abin mamaki ba ne, kuma ba ta yanke hukunci a kan sauran magunguna.

Daga 2011 abubuwa suka sauya. Hanya ta farko ita ce allurar da likitanku ya ambata, wadda ke zaburar da garkuwar jiki. Sankara tana da dabarar rufe idon sojojin jini don kada su gane ta. Waɗannan magunguna, irin su ipilimumab da aka amince da shi a 2011 da pembrolizumab da nivolumab a 2014, suna kwance wannan takunkumi ne. Masanan da suka gano tushen abin, James Allison da Tasuku Honjo, sun sami lambar Nobel a 2018. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya bayyana a 2015 cewa melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, aka haɗa masa tiyata da gashin ciwon da na'ura da pembrolizumab, ya rayu har Disambar 2024, ya cika shekara 100. A wani babban bincike da aka bi marasa lafiya shekara goma, kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab suna raye, alhali kafin zuwan waɗannan magunguna yawancin masu irin wannan mataki ba sa cika shekara. Wannan shi ne fassarar abin da ya zo a ruwayar Ibn Mas'ud, cewa kowace cuta da maganinta, wanda ya sani ya sani, wanda ya jahilta ya jahilta.

Sai dai amana ta sa in faɗa maka ɗaya gefen. Irin wadda ta kama mahaifinku, mai fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, ita ce ta fi kama baƙar fata, kuma ba ta jin wannan allura kamar yadda mai fitowa a fatar Turawa sanadin rana take ji. Alƙaluman da na kawo, yawancin mutanen cikinsu ba masu irin tasa ba ne, kuma ba a taɓa yi musu wani magani kafin nan ba. Allurar kuma tana da tata illar: garkuwar da aka zaburar kan juya ta taɓa hanji ko huhu ko hanta ko maƙoƙo, wani lokaci har ta kai ga kwanciya asibiti. Don haka wannan magani abin fata ne, bai kai matsayin yaƙini ba, kuma da wannan ne hukuncinsa ke tsayawa a kan halasci ko mustahabbi, bai kai wajibi ba.

Hanya ta biyu ƙwayoyi ne na sha, irin dabrafenib da trametinib, amma sai ga wanda aka auna ciwonsa aka sami sauyi a wata ƙwayar halitta da ake kira BRAF. Kusan rabin masu melanomar fata suna da shi, amma a ta tafin ƙafa ya yi ƙasa da haka sosai. Suna saurin aiki, sai dai ciwon kan saba da su, sau da yawa cikin shekara guda ko kusa da haka. Ana iya yin awon da tsokar da aka yanka tun farko in an adana ta. Ka tambayi likita ko an yi. Akwai kuma gashi da na'ura ko ƙaramar tiyata don rage zogi ko tsai da jini a wuri guda. In aka gayyace shi gwajin sabon magani, halal ne da sharaɗin da majalisar nan ta gindaya: yardarsa cikakkiya, ba tilas, ba kwaɗaitarwa da kuɗi, ba cutarwa.

To yanzu wa ke da ta cewa? Mahaifinku, matuƙar hankalinsa na tare da shi. Ba kai ba, ba ƙanwarka ba, ba kawu ba. A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin yadda suka ɗura wa Annabi magani ta gefen baki a jinyarsa ta ƙarshe, yana yi musu nuni da kada su yi, suka ce ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo bai yarda da abin da suka yi ba. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Amma zaɓi ba ya inganta sai da sani. Mun saba da ɓoye wa dattijo cutarsa, a yi ta ce masa "da sauƙi", ana ƙus-ƙus a bayan ƙofa. Ina ganin wannan tauye masa haƙƙi ne. Mai yiwuwa "na gaji" da ya ce, da kemo ya gaji, bai san akwai wani abu daban ba. Mai yiwuwa kuma ya san komai, ya fi son ya ƙarasa kwanakinsa a ɗakinsa cikin jikokinsa. Ku zaunar da shi gaban likita, a yi masa bayani da Hausa cikin taushi, sannan ku saurara. Yana da basussuka da amanoni da wasiyya da zai so ya kimtsa, kuma ba zai yi ba in kuna ce masa gobe zai koma gona.

Batun gida da gona. In nasa ne, shi kaɗai ke da ikon sayarwa, kuma in ya zaɓi ya kashe dukiyarsa a neman lafiya babu magajin da zai hana shi. In ya ƙi, haramun ne a sayar a bayan idonsa. Ku 'ya'ya, abin da ke kanku shi ne ku taimaka daga abin da ya wuce buƙatarku da ta iyalinku. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Ba a wajabta muku ku bar uwa da ƙanne a titi ba saboda maganin da ba a da tabbacinsa, balle ku ci bashin ruwa. Kafin a kira dillali, ku yi wa likita tambayoyi a fili: a irin ciwon Baba da ƙarfin jikinsa yau, mutum nawa cikin goma ke amfana? Nawa ne kuɗin wata uku na farko? Na ce wata uku domin pembrolizumab galibi duk mako uku ake yinta, kuma bisa al'ada bayan kimanin mako 12 ake sake hoto a ga ko tana aiki. Ke nan kuna iya gwadawa zuwa wani wa'adi, in babu ci gaba ku tsaya ba tare da kun rushe gida ba. Masu shirin Masar ko Indiya kuma, a fara tura takardu da hotuna likitan can ya duba kafin a ɗora mara lafiya a jirgi. Neman taimakon dangi da zakkar masu hali a wannan hali ba abin kunya ba ne.

Mai maganin kwana 40 kuwa, ku rabu da shi. Wanda ya yanke wa waraka rana ya faɗi abin da bai sani ba, kuma hadisi ya ce wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, lamuni na kansa. Ku yi masa tofi da Fatiha da Falaƙi da Nasi, ku ba shi zuma in yana so, amma duk wani jiƙo ko gari a nuna wa likita tukuna, don hantar da ta sha kemo ba ta ɗaukar kowane sassaƙe. Kada kuma a bari a tsaga ciwon ko a ɗaura masa abu mai ci.

Morfin halal ne a gare shi. Imam Ƙarafi ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye da nishaɗi kamar giya, da mai gusar da hankali ba tare da nishaɗi ba, da mai sa barci, kuma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun halatta a ba mutum abin da zai gusar masa da ji don a yanke masa gaɓa. Zogin sankara lalura ce ta gaske. Sharaɗi shi ne likita ya ƙayyade, niyya ta zama rage zafi, a kuma kulle maganin kada ya faɗa hannun matasa. Barin dattijo yana murƙususu da dare alhali ga magani a aljihu ba tsoron Allah ba ne. Abin da yake haramun yanke shi ne a ba shi wani abu da nufin gaggauta ajalinsa, ko da shi ya roƙa, ko a hana shi ruwa da abincin da yake iya haɗiya. Ka gaya wa ƙanwarka wannan shi ne kisa. Wanda aka dakatar wa maganin da ba ya aiki, in ajali ya zo, cutarsa ce sanadi. Ka kuma yi mata a hankali, son mahaifinta ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa.

In ya zaɓi komawa gida, kada ku yanke hulɗa da asibiti. Ku nemi a haɗa ku da masu kula da rage raɗaɗi, a koya muku wankin gyambon da ba da magani a kan lokaci, da abin da za ku yi in numfashi ya yi masa wuya. Sallarsa kuma ya yi ta yadda ya iya, a zaune ko a kishingiɗe, kamar yadda Annabi ya gaya wa Imrana bin Husaini. Ya yi shafa a kan bandejin ƙafar, abin da ke tsattsafowa daga gyambon an yi masa rangwame a kai, in ruwa na cutar da shi ya yi taimama. Azumi ya sauka daga kansa, a ciyar a madadinsa in da hali. In zafi ya kai shi ga furta fatan mutuwa, kada ku tsawata masa, ku laƙƙana masa addu'ar da ke cikin hadisin Anas: ya Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce mafi alheri gare ni, ka karɓi raina idan mutuwa ce mafi alheri gare ni.

Wallahu a'alam.