Yarona yana haɗiyar maganin ciwo ya shiga raga, wai haka Hašek ya yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ina zaune a Kanada da iyalina. Ɗana na biyu shekararsa 15, gola ne a hokin ƙanƙara. Wata biyu kenan yana kukan ciwo a matsematsinsa na dama, musamman in ya zube kan gwiwa ya buɗe ƙafafu. Shekaranjiya mamansa ta tsinci kwalbar maganin ciwo a jakar kayan wasansa, ashe kafin kowane wasa sai ya haɗiyi biyu. Da na yi masa faɗa sai ya ce min gwaninsa, wani Dominik Hašek ɗan ƙasar Cek, ya kama raga har yana da shekara 46 kuma ciwo bai taɓa zaunar da shi ba. Don Allah gaskiya ne? Wallahi hankalina a tashe yake, ban san ko in hana shi wasan gaba ɗaya ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Abu na farko, yau ɗin nan a karɓe kwalbar nan daga jakarsa. Na biyu kuma, rabin maganarsa gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa ƙarya aka sayar masa, kuma shi ne rabin da zai iya nakasa shi.

Rabin gaskiyar shi ne Hašek ya daɗe a raga ƙwarai. An haife shi a Pardubice a Janairun 1965, yana ɗan shekara 16 ya fara kama wa babban kulob ɗin garinsu, ya ci lig ɗin Cekoslobakiya da su a 1987 da 1989. Chicago, kulob a NHL wato babbar gasar hokin Amurka da Kanada, sun zaɓe shi tun 1983, na 199 a jerin zaɓen sababbin 'yan wasa, amma lokacin ƙasarsu a rufe take ƙarƙashin kwaminisanci, sai 1990 ya samu ƙetarawa Amurka. Can ma benci ya fi ɗumamawa a bayan babban golansu Ed Belfour har suka tura shi Buffalo a 1992, to a nan ne fa duniya ta san da shi. Kyautar Vezina ta gwanin gola sau shida ya ɗauka, 1994, 1995, 1997, 1998, 1999 da 2001, sannan kyautar Hart ta gwarzon NHL gaba ɗaya sau biyu a jere, 1997 da 1998, kuma har yau shi kaɗai ne golan da ya ɗauke ta sau biyu. Akwai wani wasa da New Jersey a 1994 da aka yi ta ƙarin lokaci har sau huɗu, bugu 70 ya tare babu ko ɗaya da ya shiga, suka ci 1-0.

Abin da mutanen ƙasarsu ba sa mantawa kuwa Olamfik ɗin Nagano ne a Japan, 1998, karon farko da aka bar 'yan NHL suka je. Sun fitar da Amurka 4-1, suka haɗu da Kanada a kusa da ƙarshe aka tashi 1-1, aka je bugun daga kai sai gola. Mutum biyar Kanada ta turo, Fleury, Bourque, Nieuwendyk, Lindros da Shanahan, babu wanda ya ci, na Lindros ƙarfe ya buga, ga babban tauraronsu Wayne Gretzky zaune a benci ba a ma kira shi ba. A wasan ƙarshe suka ci Rasha 1-0, Petr Svoboda ne ya jefa. In ka tambayi maƙwabtanka can da suka manyanta, har yanzu abin yana musu ciwo. Daga baya ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Detroit a 2002 da 2008, ya koma Pardubice ya sake cin lig a 2010 yana da shekara 45, ya ƙarasa a Spartak ta Mosko yana 46. Duk wannan yaronka ya faɗi daidai.

Amma wai ciwo bai taɓa zaunar da shi ba? Haba! Ai da wuya ka samu golan zamaninsa da aka zaga a kan ƙin wasa da ciwo kamar Hašek, kuma ciwon da ya fi addabarsa shi ne dai wannan na yaronka, matsematsi. Kakar 1999 zuwa 2000 wasa 35 kacal ya yi a cikin 82 saboda shi. Kakar 2003 zuwa 2004 a Detroit wasa 14 ya buga ya ce ya haƙura da sauran kakar, har ya ƙi karɓar kusan rabin albashinsa, aka yi masa tiyata. A Olamfik ɗin Turin ta 2006, wasan farko da Jamus, ko zangon farko ba a gama ba tsokar cikin cinyarsa ta ja ya fita, sauran gololi ne suka ƙarasa gasar har ƙasar ta samu tagulla. Ya koma kulob ɗinsa na lokacin, Ottawa, kulob mai ƙarfi da ke hangen kofi a shekarar, ana ta jiransa mako bayan mako, ya tsaya a kan cewa ba zai shiga raga ba sai ya ji jikinsa ya dawo daidai, bai sake buga musu ko wasa ɗaya ba, Buffalo ta fitar da su, Ottawa suka ƙi sabunta masa kwantiragi. Tun 1997 ma da ya fita tsakiyar wasa saboda gwiwa wani ɗan jarida ya rubuta yana shakkar ciwon, shi kuma ya fusata ya ci kwalarsa, wanda kuskure ne babba, aka dakatar da shi wasa uku. To ka ga mutumin da ake cewa bai san zama ba.

Kuma da ya koma Detroit a 2006 yana da shekara 41, lallaɓa shi aka dinga yi, da wuya a sa shi wasa dare biyu a jere. A 2008 ma da abin bai tafi masa daidai ba a zagayen farko na neman kofin, ɗaya golan nasu Chris Osgood aka saka ya kai su kofin, shi yana benci. Ni a ganina abin da ya kai shi 46 kenan, ya san lokacin zama kuma ya jure zagin da zaman ke jawowa.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ƙona min rai, don kullum sai na gamu da shi a ɗakin gashi, ba a hoki ba, a 'yan ƙwallon ƙafarmu na gida. Wannan tunani na cewa in ka kashe zafin ka kashe ciwon. Wallahi ba haka ba ne. Zafin nan shi ne mai gadi, shi ke ce wa yaro tsaya nan kar ka ƙara buɗewa. Ka ba shi ƙwaya biyu, mai gadi ya yi barci, tsokar da ta ɗan tsage tana nan a tsage, shi kuma ya je ya zube ya baje ƙafafu da dukkan ƙarfinsa don ba ya jin komai, abin da hutun sati uku da atisayen da ya dace za su gyara ya koma na wata shida, wani ma sai wuƙa. Kwanaki aka kawo min wani yaro gola, bai kai ashirin ba, abokansa biyu sun riƙo shi yana jan ƙafa. Na kwantar da shi na sa dunƙulen hannuna tsakanin gwiwoyinsa na ce matse, ko motsi bai iya ba sai hawaye, ga cikin cinyar ta yi baƙi-baƙi jini ya kwanta har kusa da gwiwa. Na ce tun yaushe? Ya ce ai wata uku kenan, amma duk ranar wasa akwai mai kemis ɗin da ke masa allura ya ji garau. Mai kemis! Mutumin da bai duba shi ba, bai tambaye shi ina ke ciwo ba, kuɗi kawai ya karɓa ya tsira masa. Wasu kuma tiramol suke watsawa, wanda hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun Janairun 2024, ban da jarabar da yake sa wa yara. Wasu a kai su wajen mai ɗori ya kama cinyar da ta tsage ya yi ta murza da ƙarfi wai jijiya ce ta hau kan jijiya, ya ƙara yaga abin da ke ƙoƙarin haɗewa. Sannan ga masu bidiyo a intanet da ba su taɓa duba majiyyaci ko ɗaya ba suna ce wa yara gwarzo ba ya jin ciwo. Ni kam na gaji da su, don ba su ke zuwa su zauna da uwar yaro ba ranar da za a ce mata ƙwallo ta ƙare masa.

Kuma kar a ce ai na Kanada mai kyau ne, a kanti aka saya ba wajen ɗan tebur ba. Irin su ibuprofen in yaro ya mayar da su abin sha kullum, ciki ba abinci, ga gumi yana zuba cikin wannan tulin kayan gola, ciki da ƙoda ne ke biyan bashin.

Abin da ya sa na fi damuwa da naka shi ne shekarunsa. Ɗan shekara 15 ƙashinsa bai gama haɗewa ba, wajen da tsoka ke manne da ƙashin ƙugu har yanzu danye ne, don haka abin da a babba zai zama jan tsoka, a shi tsokar na iya fizgo ɓallin ƙashi. Akwai kuma zamewar kan ƙashin cinya da ke samun samari a wannan shekarun, yakan zo da ciwon matsematsi ko ma na gwiwa da ɗan ɗingishi, wannan in aka yi wasa da shi nakasa ce ta har abada. Ga shi salon gololin yanzu na zubewa kan gwiwa a watsa ƙafafu waje sau ba adadi a atisaye ɗaya yana cin gaɓar ƙugu sosai. Ba na ce ɗayan waɗannan ne da shi ba, ba zan iya sani daga nan ba, kuma kocinsa ma ba zai iya sani daga bakin fili ba. Ciwon wata biyu ya wuce a ce bari mu gani.

Don haka kar ka hana shi wasan gaba ɗaya, in ka yi haka ɓoye maka zai ƙara yi. Ka dakatar da shi daga raga yanzu, cikin satin nan likita ya duba shi, ka gaya masa adadin ƙwayar da tsawon lokacin ba tare da ɓoye komai ba, ka nemi a yi hoton ƙugu in ya ga da buƙata. In layin likitanku ya yi tsawo kar ka zauna jiran takarda, a galibin wurare can kana iya kai shi wajen likitan fisiyo kai tsaye. Amma in ka ga yana ɗingishi, ko ya kasa taka ƙafar, ko zazzaɓi, ko kumburi a matsematsin, ko ciwon ya sauka maraina farat ɗaya, wannan asibitin gaggawa ne a ranar, ko da tsakar dare ne. In an tabbatar tsoka ce kawai, maganinta ƙarfafa tsokokin cikin cinya da na ciki sannu a hankali, ba miƙa ta da ƙarfin tsiya ba, kuma ba zai koma ba sai ya iya matse ƙwallo tsakanin gwiwoyinsa da iya ƙarfinsa ba zafi, ba tare da ya sha komai ba.

Kocin ma ka same shi da kanka ka gaya masa, kar ka aika yaro, don yaro tsoron rasa gurbinsa yake yi, shi ya kai shi ga kwalbar tun farko. Sannan ku zauna kai da shi da mamansa, ba da tsawa ba, ku buɗe tarihin gwanin nasa, ka sa shi da kansa ya nemo wasa nawa Hašek ya buga a kakar 2003 zuwa 2004, ya karanta muku adadin da bakinsa. In an yi hoton ka sake rubuto min abin da aka gani. Allah ya ba shi lafiya, ya raya muku shi.