Za mu iya shiga Kufena da keke cikin zafin Afrilu?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mu ɗalibai ne a Samarun Zariya, muna da 'yar ƙungiyar hawan keke, irin mai giya da manyan tayoyi da ake shiga duwatsu da shi. Mun shirya ranar Asabar mu goma sha biyu mu bi ta kwazazzaban gefen rafin Kubanni mu ɓulle dutsen Kufena. Wasu sun ce a ɗaga sai zafi ya wuce, wasu sun ce in dai akwai ruwan sha ba komai. Ni ne jagora. Ina mafita?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ku je, amma da sharaɗi: ku tashi da an sallame Asuba gari ya fara washewa, kafin ƙarfe goma kun sauka daga kan keke. In ba za a iya haka ba, masu cewa a ɗaga sun fi gaskiya.

A Maris da Afrilu zafin Zariya da rana yakan haura digiri 35, wata rana ya doshi 40, kuma a inuwa ake auna wannan. Ku kuwa ba a inuwa za ku yi tafiyar ba. Falalen dutse irin na Kufena yini yake yana shan rana yana maido wa mutum da ita ta ƙasa, shi ya sa ban cika son hawan La'asar ba, don har lokacin dutsen bai huce ba. Cikin kwazazzabo kuma iska ba ta ratsawa, kamar ka shiga tanda. A kan kwalta gudun keken ne ke yi maka fifita, gumi ya bushe, jiki ya yi sanyi. A hawa kuwa ƙarfinka duka kake sawa amma tafiyar ba ta fi ta mai ƙafa ba, sai zafin jiki ya hau, iskar da za ta kwashe shi babu. Afrilu ya ma fi Maris sharri a nan, don danshin damina ya fara shigowa, gumi sai ya yi ta zuba ba ya bushewa.

Masu cewa ruwa ya wadatar, ga lissafi. Mai aikin ƙarfi cikin zafi yakan zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa guda, ciki kuma ba ya iya ɗaukar ruwa da wannan saurin. Ko me ka sha, bashi kake ci. Ledar ruwa rabin lita ce. Kowa ya tanadi leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowace awa, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, da rarar biyu don zuba wa jiki. Gumi da gishiri yake fita, saboda haka a haɗa gora guda ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin cokali. Ko a sayi ORS a kemis. Kwankwaɗar ruwa zalla fiye da kima ma yana da nasa haɗarin, yana tsinka gishirin jini har mutum ya rikice. Dabino da ayaba a aljihu sun ishe ku guzuri.

Abin da ya fi damuna dai yawanku ne. Mutum shi kaɗai in ya ji jiri yakan nemi gindin bishiya. Cikin abokai kuwa kunya ke hana shi, kada a ce rago ne. Ka lura da yadda ayari ke tafiya: masu ƙarfi su riga kowa kaiwa saman tudu, su tsaya, su sha ruwa, su ɗauki hoto. Na ƙarshe ya iso yana haki, ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba sai a ce "to, mu je". Wanda ya fi kowa buƙatar hutu shi ne bai samu ko minti ɗaya ba. A fara ƙirga hutu daga isowar na ƙarshe. Ka sa mai ƙwari, mai hankali, ya tsaya a baya da famfo da kayan faci, kai kuma kada ka tambayi mutum "lafiya?", don "lafiya lau" zai ce. Ja shi da hira, ka ji ko maganarsa na kan hanya.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa: wannan ya gama hawa na ranar. Inuwa, a cire masa hular kwano da riga, a jiƙa shi, ya sha ruwan gishiri da sukari, a nema masa mashin. Amma in ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko ya kasa faɗin inda yake, zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa, jikinsa na iya haura digiri 40, kuma yana kisa. Kada ganin gumi a jikinsa ya yaudare ku. A fara sanyaya shi nan take kafin neman mota: a kwarara masa duk ruwan da ke hannu, a yi ta fifita da riguna, in akwai rafi kusa a tsoma shi ana riƙe da kansa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, ibuprofen da diclofenac kuwa ƙoda suke ƙara wa wahala. Daga nan asibiti: Wusasa na nan kusa da dutsen, asibitin koyarwa na Shika kuma don babbar matsala.

Akwai waɗanda zan ce su hakura a wannan karon: wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa cikin makon, mai azumi, da wanda bai saba motsa jiki cikin zafi ba, don jiki na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Ka kuma tambayi nau'in jininsu na gado, wato genotype. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, kuma duk da lafiyarsu ƙalau, aikin ƙarfi cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi musu haɗari. Ba a hana su zuwa, amma ba su ba tsere a hawa.

Keken kansa magana kaɗan ce: birki mai kamawa, tif na ajiya saboda ƙaya, kada a cika taya tam a jingine ta a rana. In kuma kun hango hadari ta gabas, ku fito daga kwazazzabo tun bai sauko ba, don ruwan da aka yi can sama yakan iso da ƙarfi alhali inda kuke ko ɗigo bai faɗo ba.