Magani daban, dabarar da ke sa a yi shi daban

Ƙanena, ka ce masu duba rahoto sun dawo maka da naka saboda a wajen dabarun aiwatarwa ka rubuta "mun horar da ma'aikata" kawai, kana tambayar wane jeri za ka bi ka rarraba su. Kafin ka taɓa jeri, raba abu biyu da kuke yawan cakuɗawa: abin da bincike ya nuna yana aiki, da dabarar da za ta sa ungozoma ta yi shi da tsakar dare ita kaɗai a ɗakin haihuwa.

Ɗauki binciken E-MOTIVE na 2023 kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Ana shimfiɗa leda mai ma'auni ƙarƙashin mai haihuwa, jini ya taru a ciki a karanta da ido. Da ya kai mililita 500, sai a yi komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, tiraneksamik asid mai rage zubar jini, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran babba idan abin ya ƙi. Wannan duk magani ne, kada ka sa shi a jerin dabaru. Dabarun huɗu ne: akwati ko keken turawa da aka haɗa kayan a ciki, atisaye a cikin asibitin, jagora daga cikin ma'aikatan, da bin diddigin aiki tare da mayar musu da sakamako. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari.

To, jeri. Na EPOC, wani sashe na ƙungiyar Cochrane mai tattara binciken lafiya, a sigarsa ta 2015 ya kasa hanyoyin inganta aikin lafiya gida huɗu: tsarin isar da kulawa, tsarin kuɗi, tsarin shugabanci, da dabarun aiwatarwa. Yana da kyau wajen tattara bincike da yawa ko magana da ma'aikatar lafiya, amma ga aiki irin naka ya yi faɗi. Ni ERIC zan ce ka ɗauka, wato jerin dabarun aiwatarwa da ƙwararru suka tattara: dabaru 73, kowace da ma'anarta, an kasa su rukuni 9 a 2015. A nan akwatin ya faɗa rukunin sauya kayan aiki, atisaye rukunin horarwa, jagora rukunin ƙulla alaƙa tsakanin masu ruwa da tsaki, bin diddigi kuma rukunin aunawa da gyara.

Sai dai sanya suna rabin aiki ne. Mai bincike Proctor da abokan aikinta a 2013 sun ce kowace dabara a faɗi abu bakwai a kanta: wa ya yi, me ya yi, wa ko me ake so ya sauya, yaushe, sau nawa, wane sakamako ake nema, da dalilin zaɓenta. Lacca ta kwana ɗaya a otal da atisayen wata-wata a bakin gado duk "horo" ake kiransu, alhali ba su haɗa hanya ba. Haka bin diddigi. Bitar Cochrane ta 2012 kan gwaje-gwaje 140 ta nuna ƙarin da yake kawowa wajen sa ma'aikata su bi ƙa'idar aiki kusan kashi 4 ne cikin ɗari a tsaka-tsaki, kuma ya fi ci idan shugaba ko abokin aiki ne ya kawo sakamakon, fiye da sau ɗaya, da baki da kuma a rubuce, da abin da ake so a cim ma. Takarda a manne a bango ba ta isa ba.

Inda aka fi tuntuɓe kuwa shi ne dalilin zaɓe. Idan oksitosin ya ƙare a sito, ko zafi ya lalata shi don firji ba wuta, ka horar da ungozoma sau goma jinin ba zai tsaya ba. Saboda haka a teburin da za ka zana a rahoton, ginshiƙin farko ya zama cikas ɗin da kuka gano, na biyu sunan dabarar daga ERIC, sannan abubuwa bakwai ɗin nan. Duk layin da ginshiƙinsa na farko ya fito fanko, koma asibitin ka tambayi masu aikin dare.