Ina jinyar mahaifiyata a Katsina, akwai tallafin da zan samu?

'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce kin ajiye ɗinki don ki kula da ita tunda ɓarin jikinta ya shanye, kina tambaya ko gwamnati na biyan mai jinya.

Gaskiya babu. Alawus ɗin mai jinya na mako-mako a Ingila ake yinsa, Najeriya ba ta da irinsa. Abin da ke akwai da sunan majinyaciya ake nema. Ki fara da KTSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. A ƙarƙashin BHCPF, wato asusun gwamnatin tarayya na kula da lafiya a matakin farko, ana yi wa tsofaffi marasa ƙarfi rajista kyauta, amma gurbin kaɗan ne, don haka ki je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku da lambarta ta NIN, ki riƙa bibiya. Sai Hukumar Zakka da Waƙafi. Takardar likita da shaidar mai unguwa suna ƙara wa buƙata nauyi.

Su kuma yayyenki maza, kada kunya ta hana ki. A zauna a yanka wa kowa abin da zai kawo duk wata, har da ladan zamanki, ba kuɗin kunzugu da magani kaɗai ba.