Amsa ga mai fama da atishawar kaka da hunturu

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, amma na bari sai da safe domin amsar tana buƙatar natsuwa. Ka ce duk shekara, daga fara yankan shinkafa har hunturu ya wuce, atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido ba sa barinka sakat, kuma 'yar ƙwayar da kake saya a kemis, wadda kowa ke kira Piriton, tana yi maka aiki amma tana kashe maka jiki, ga shi kullum kana bisa babur tsakanin Jega da Birnin Kebbi. Ka tambaya ko akwai illa a riƙa shanta kullum, da kuma ko za ka iya ɓara rabi ka ba 'yarka mai shekara huɗu da ita ma ta fara. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne a Argungu mai ɗan taɓa noman fadama, sai dai shekarata goma sha bakwai ina fama da wannan lalura, kuma kusan duk kuskuren da ake yi a kanta na yi shi da kaina.

Abin da ke damunmu ba mura ba ce, ko da yake sunan da muke ba shi ke nan. Mura ƙwayar cuta ke kawo ta, takan zo da ciwon jiki ko ɗan zazzaɓi, kuma cikin mako ɗaya ko kwana goma ta wuce. Namu kuwa alaji ne: jiki ne ke ɗaukar ƙurar bugun shinkafa, ko bununin gero, ko furen ciyawa, ko ƙurar ɗaki, a matsayin abokin gaba, sai ya saki wani sinadari da ake kira histamin, wanda shi ke kumbura cikin hanci, ya tsinko da majina tsararo kamar ruwa, ya sa ido ja da ƙaiƙayi. Ƙwayoyin da muke magana a kansu aikinsu kawai su tare wa histamin hanya na wasu awoyi. Ba sa raba mutum da lalurar, kuma magungunan kashe ƙwayar cuta, irin kafso ɗin da ake tura wa mutane, ba su da abin yi a nan ko kaɗan. Na shafe shekara uku ina zubar da kuɗina a kansu kafin in gane haka.

Ƙwayoyin kashi biyu ne, kuma a nan amsarka take. Zan rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali domin ka iya dubawa. Akwai tsofaffi, wato chlorpheniramine, wanda shi ne ke cikin Piriton, da promethazine da aka fi sani da Phenergan, kuma duka biyun tun shekarun 1940 suka fito. Waɗannan suna ratsawa har cikin ƙwaƙwalwa, inda histamin ɗin nan yake da wani aiki daban na riƙe mutum a farke, don haka idan aka tare shi a can sai gyangyaɗi. Akwai kuma sababbi, cetirizine da loratadine da suka fito a shekarun 1980, da fexofenadine da ya biyo bayansu, waɗanda kaɗan ne daga cikinsu ke kaiwa ƙwaƙwalwa. Mutanenmu da yawa sun ɗauka wadda ke kwantar da mutum ita ce mai ƙarfi, har na taɓa jin wani yana mayar wa mai kemis da loratadine wai jabu ce tunda ya sha bai ji komai a jikinsa ba, alhali da aka tambaye shi atishawar ta tsaya. Barcin illar maganin ce, ba shaidar ingancinsa ba.

Chlorpheniramine na manya miligiram 4 ne, ana sha duk bayan awa huɗu zuwa shida, kuma ba a wuce ƙwaya shida a yini da dare, dattawa kuwa ba a wuce uku. Cetirizine da loratadine kowanne miligiram 10 ne sau ɗaya a rana, fexofenadine na atishawa miligiram 120 ne shi ma sau ɗaya, kuma shi da ruwa zalla ake shan sa, domin ruwan lemu na rage yawan wanda jiki zai ɗauka.

Bari in gaya maka yadda na koyi karanta bayan katin magani. Wata shekara a watan Nuwamba, washegarin da muka gama bugun shinkafa, na tashi idanuna a kumbure, na sha chlorpheniramine ɗaya bayan karin kumallo. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya hancina ya toshe ƙam, na tsaya wani shago na sayi ƙwayar mura irin ta haɗi na kora guda biyu da ruwan leda, sannan na kama hanyar Birnin Kebbi a kan babur. Ban ji barci ba, wannan shi ne abin da har yau yake ba ni tsoro. Na tuna ina kallon wata motar buhuna a gabana, abu na gaba da na sani shi ne tayar gaba ta nutse cikin yashin gefen titi, ni kuma ina kwance, gwiwar wandona a yage, takalmina ɗaya can tsakiyar kwalta, wasu 'yan mata masu tallar fura sun ajiye ƙwaryarsu suna ta salati. Allah ya tsare, ƙujewa kawai na yi. Bayan kwana biyu wani ƙanen matata da ya karanci haɗa magunguna ya zo duba ni, ya ɗauki ragowar katin ƙwayar murar ya juya bayansa, ya sa farce ƙarƙashin wani ɗan siririn rubutu, ya ce, "Yaya, karanta nan." Chlorpheniramine ne a rubuce, tare da farasitamol da wani maganin buɗe hanci. Ashe magani ɗaya na sha sau biyu da sunaye daban-daban.

Saboda haka, kai da sana'arka take bisa babur, shawarata ita ce ka bar tsohuwar ƙwayar gaba ɗaya a ranakun tafiya. Kada ka ce za ka sha da dare ka huta, domin nauyin kan da jinkirin taka birki kan biyo mutum har hantsi ba tare da ya lura ba. Ka koma loratadine ko fexofenadine. Cetirizine ma tana da kyau, ni ita ta fi karɓa ta, amma a cikin sababbin ita ta fi sa wasu kasala, don haka duk wadda ka zaɓa ka fara gwada ta ranar da ba ka fita ko'ina, ka ga yadda jikinka zai yi da ita. Kuma kowace iri ce, ba a haɗa ta da maganin barci, ko tiramol, ko kodin, ko giya, domin suna ninka nauyin juna.

Game da shan ta kullum, sababbin an yi su ne don haka, kuma mutum mai lafiya zai iya shan ɗaya kowace rana har lokacin da ke tayar masa da ciwon ya wuce. Ta ma fi aiki idan aka riga ciwon: ni yanzu da zarar na ga shinkafa ta fara ja nake farawa, ba na jiran sai atishawa ta kama ni a masussuka. A watan azumi ma da sauƙi, tunda sau ɗaya ce, sai a sha da sahur ko bayan buɗa-baki. Abin da ba a yi shi ne a ƙara ta biyu don ɗaya ba ta isa ba, ko a sha sabuwa da safe a ɗora tsohuwa da rana bisa ra'ayin kai. Idan ka yi mako biyu kana sha a kan ƙa'ida ba ka ga sauƙi ba, to likita ya kamata ya duba ka.

Sau da yawa abin da ke sa mutum ƙari shi ne toshewar hanci, wadda waɗannan ƙwayoyin ba su cika iya mata ba. Nan ne ake faɗawa tarkon maganin ɗigawa a hanci mai buɗe shi nan take. Yana da daɗin aiki, amma idan aka wuce mako ɗaya ana amfani da shi, hancin kan dawo ya toshe fiye da da, har mutum ya kasa barci sai da kwalbar a ƙarƙashin matashi. Pseudoephedrine da ke cikin wasu ƙwayoyin mura kuma yana ɗaga hawan jini. Abin da ya yi mini amfani shi ne feshin hanci da likita ya rubuta mini, irin su beclometasone, wanda sai an yi kwanaki ana fesawa kafin a ga aikinsa, da kuma wanke hanci da ruwan gishiri: ƙaramin cokalin shayi ɗaya a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce, a shaƙa a face kamar yadda ake yi a alwala.

Wani abin da zan ja kunnenka a kai da babbar murya shi ne haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda, ƙwaya fara da ja da ruwan ɗorawa, babu suna babu kwali. Akan jefa dexamethasone ko prednisolone a ciki, kuma gaskiya suna tsayar da atishawa kamar an yi ruwa an ɗauke, shi ya sa ake yabon mai shagon da iya haɗi. Amma wanda ya daɗe yana shan su fuskarsa kan kumbura, suga da hawan jini su tashi, gyambon ciki ya samu ƙofa, kuma wanda ya yi makonni a kansu ba ya dainawa farat ɗaya sai likita ya rage masa a hankali. Ka sayi maganinka a katinsa, ka ga sunansa da lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, kuma ka guji na tire da ke yini cikin rana a kasuwa.

Tsofaffin ƙwayoyin atishawar da na ambata, irin su Piriton da Phenergan, suna busar da baki, suna rage gumi, abin da ba ƙaramin abu ba ne a zafin watan Afrilu na nan ƙasar, kuma suna iya riƙe fitsari. Dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita, ko mai hawan jinin ido, ko mai farfaɗiya, kada a miƙa masa su don an ga yana atishawa. Mai ciwon ƙoda akan rage masa cetirizine, mai ciki da mai shayarwa kuma su tambaya a wurin awo kafin su sha kowace iri.

Sai maganar yarinya, kuma amsar ita ce a'a, kada ka ɓara mata. Rabin ƙwayarka miligiram 2 ne, alhali abin da ake ba ɗan shekara biyu zuwa biyar na chlorpheniramine miligiram 1 ne, ka ga ninki biyu ke nan, ban da cewa ƙwaya ƙarama irin wannan ba ta rabuwa daidai a hannu. Wasu yaran ma maimakon barci sai su birkice da kuka da rashin natsuwa. Akwai na ruwa da aka yi domin yara: a shekarunta cetirizine miligiram 2.5 ne safe da yamma, loratadine kuwa miligiram 5 sau ɗaya, kuma da cokalin awon da ke cikin kwalin ake aunawa, ba cokalin cin abinci ba. Duk da haka, tunda wannan ne karonta na farko, ka fara kai ta a duba ta, musamman idan tana tarin dare ko ƙirjinta na yin ƙara kamar usur in tana numfashi, domin wannan alamar asma ce, ita kuwa asma waɗannan ƙwayoyin ba sa maganinta. Ka kuma gaya wa mahaifiyarta, idan wata ta ba ta shawarar ɗura wa yaro promethazine don ya yi barci a mota ko a gidan biki, kada ta karɓa. An hana ba da shi ga yaron da bai kai shekara biyu ba saboda yana iya danne numfashi. Kwalbar ma a ɗora ta inda hannun yara ba ya kaiwa, tunda zaƙi gare ta.

Akwai kuma halin da ba a tsayawa neman ƙwaya. Borin jini kaɗai, wato jiki ya yi ruɗu-ruɗu yana ƙaiƙayi, cetirizine na kwantar da shi. Amma idan bayan harbin zuma ko rina, ko cin gyaɗa ko kifi, ko wata allura, leɓe da harshe suka kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya sarƙe, ko mutum ya ji jiri kamar zai faɗi, to asibiti mafi kusa za a nufa a guje, domin allurar adirenalin ce ke ceto a nan, ƙwaya kuwa kafin ta narke a ciki lokaci ya ƙure.

Ni dai a bana ga yadda nake yi. Ranar bugu ko shiƙa nakan sa takunkumi, in tsaya ta inda iska ke fitowa, in na dawo gida in cire kayan gona a zaure in yi wanka kafin in shiga ɗaki, kuma an saba yayyafa ruwa kafin a share mini ɗaki. A kan babur cikin hazo ina sa tabarau mai rufe gefen ido, wanda ya rage mini ƙaiƙayin fiye da yadda na zata. Idan ka je kemis gobe, ka rubuta loratadine miligiram 10 a takarda ka miƙa, ka ce ita kaɗai kake so ba haɗi ba, sannan ka kwaso duk ƙwayoyin murar da ke aljihun rigarka da akwatin babur ka juya bayansu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba yarinya lafiya, ka sanar da mu abin da aka ce bayan an duba ta.