Ƙanena Na Neman Miliyan Biyu Da Rabi Zai Yi Gajeren Fim, In Ba Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, ina saro albasa daga Aliero. Ƙanena da muke ciki ɗaya ya gama difloma, ya ƙi zaman rumfa, ba abin da ya sa gaba sai harkar fim. Yanzu shi da abokansa huɗu suna son yin gajeren fim na minti 15 a kan rayuwar 'yan dakon kasuwarmu. Yana neman naira miliyan biyu da rabi, miliyan ɗaya da rabi daga ciki ta sayen kyamara ce. Ya ce da zarar sun ɗora a YouTube kuɗina za su dawo har da riba. In ba shi ko in hana?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka ba shi, amma ba wannan adadin ba, kuma kada ka sa a ranka cewa fim ɗin ne zai dawo maka da kuɗin. Gajeren fim ba haja ba ne. Ɗanɗano ne irin wanda mai tsire ke yanka maka a bakin wuƙa, ba don ya ci riba a kan yankan ba, sai don ka tsaya ka sayi na gaske.

Na san abin da ya sa maganar ta yi maka kama da kasuwanci, domin akwai lokacin da fim ya kasance haja ce zalla. Fim ɗin da ake cewa shi ya buɗe ƙofar Nollywood a 1992, wani ɗan kasuwa ne a nan Legas, Kenneth Nnebue, ya zuba kuɗinsa aka yi shi, aka sayar da shi a kaset. Daga nan 'yan kasuwar Idumota suka riƙe harkar, kamar yadda na Ƙofar Wambai suka riƙe ta finafinan Hausa a Kano. Kaset da faifai abu ne da ake ƙirgawa a katan, a san nawa aka buga, nawa suka fita, nawa suka yi kwantai. Wannan kasuwar ta mutu, masu satar fasaha suka fara kassara ta, wayar hannu ta ƙarasa ta. Kuma ko a lokacin da take tashe, ba wanda ke cire kuɗi ya sayi kaset ɗin fim mai minti 15.

To mu zo kan YouTube, tunda nan ne ƙanenka ya jingina. Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000, an kuma kalle ta na awa 4,000 a cikin wata 12. Ɗauko kalkuleta. Fim mai minti 15, sai an kalle shi sau 16,000 daga farko har ƙarshe kafin ya cika awa 4,000, alhali yawancin masu kallo ba sa kai wa ƙarshe. Wannan fa kuɗin shiga ƙofa ne kawai, ba a fara biya ba. In an fara, mai tasha na samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar, kuma ba za a turo masa ko sisi ba sai abin ya taru ya kai dala 100. Sannan abin da masu talla ke biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Waɗanda ka ga suna cin abinci da YouTube a Kannywood, masu dogon zango ne da ke sakin sabon kashi duk mako, shekara da shekaru. Fim guda ɗaya tilo a sabuwar tasha ba zai haifi miliyan biyu da rabi ba.

Akwai kuma bukukuwan baje kolin finafinai. AFRIFF, wanda aka fara a 2010, ana yin sa a nan Legas wajen watan Nuwamba, kuma yana karɓar gajerun finafinai. AMVCA ma, gasar karrama finafinan Afirka, tana da kambun gajeren fim. Wuraren nan suna da amfani ƙwarai, don can ne furodusoshi ke ganin sabon hannu. Sai dai a yawancin irin bukukuwan nan kai za ka biya kuɗin shiga, na ƙasashen waje ma da dala, kuma wasunsu ba sa karɓar fim ɗin da aka riga aka saki a intanet. Don haka ya yanke shawara tun yanzu: gasa tukuna sannan YouTube, ko YouTube kai tsaye. In gasa ce, sai ya tanadi fassarar Turanci mai kyau a ƙasan hoto, ba irin wadda ake yi wa dariya ba.

Ina kuɗin suke ke nan? Suna wajen mutanen da za su ga fim ɗin su ce, wa ya ɗauki wannan? Dubi 'yan uwanmu na Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago. Mai shadda, mai gwal, mai sayar da motoci, mai gidan abinci, kowa yanzu yana son bidiyon minti ɗaya da zai sa a WhatsApp, Instagram ko TikTok. Ga bukukuwan aure, ga naɗin sarauta, ga ƙungiyoyin agaji masu neman wanda ke jin Hausa ya kuma iya kyamara. Masu iya kyamara sun yi yawa a Legas, amma wanda zai shiga cikin 'yan dako su sake da shi har su manta ana ɗauka, ba su da yawa. Jarin ƙanenka na gaskiya ke nan, ya fi kowace kyamara tsada.

Batun sayen kyamara kuwa, a ajiye shi. Aikin kwana uku ba ya buƙatar kayan miliyan ɗaya da rabi da za su koma ƙarƙashin gado suna rage daraja. Akwai masu ba da hayar kayan fim a Surulere, Ikeja da Lekki, ana biya ne kwana-kwana. Ya je wuri uku ya ji farashi, ya kawo maka a rubuce, ya kuma tambayi wa zai biya in abu ya lalace. Kyamara kaɗai ma ba ta aiki sai da gilasanta, batura, memori da ƙafar tsayawa, kuma na tabbata bai sa su a lissafinsa ba. Ranar da ya ga kuɗin hayar da yake biya a wata ya kusa kai rabin kuɗin saye, ranar ce ya kamata ya nufi Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Ikeja, kuma da kuɗin da aikin ya samar.

Abin da ke cin kuɗi a fim shi ne kwanaki. Kowace rana akwai haya, abinci, mota, man janareta da sallamar mutane, ko an ɗauki wani abin kirki ko ba a ɗauka ba. A ƙa'idar masu sana'ar, shafi ɗaya na rubutun labari yana ba da kusan minti ɗaya a allo, kuma 'yan ƙaramar tawaga in sun shirya suna iya ɗaukar shafi huɗu zuwa biyar a yini. Ka ga shafi 15 kwana uku ne zuwa huɗu. Saboda haka kafin ka ciro ko naira ɗaya, ka ce ya kawo labarin a rubuce, ku zauna ka ƙirga abu biyu: 'yan wasa nawa ne, lokeshan nawa ne. In ka ga mutum goma sha biyu da wuri takwas, mayar masa ya rage. A garin nan duk sauya lokeshan rabin yini ne a gosulo. Mutum uku, wuri biyu, a unguwa ɗaya, da rana, shi ne fim ɗin talaka. Ɗaukar dare kuwa fitilu take so, fitilu kuma janareta, janareta kuma ƙara.

Ƙarar nan ita ce inda nake so ka fi matsa masa. Matasa suna mutuwar son hoto, su manta da sauti, alhali mai kallo zai jure hoto mai ɗan duhu amma ba zai jure maganar da ba ya ji ba. Ka fi ni sanin yadda Mile 12 take da hantsi: tireloli na sauke kaya, kwandastan danfo na ihu, kowace rumfa da abin da take kunnawa. Agege kuma ga jiragen sama na sauka filin Murtala Muhammed, ga jirgin ƙasa. Cikin mutum biyar ɗin nan dole ɗaya ya zama aikinsa sauti ne kawai, da makirfo na haya da abin ji a kunne. In babu wanda ya iya a cikinsu, a ɗauko gwani a biya shi, ko da za a rage kuɗin kyamara. Wuraren da ke da doguwar magana a ɗauke su cikin shago ko ɗaki, a bar wa kasuwa hotunan zirga-zirga.

Kai ma kana da gudummawar da ta fi kuɗi. Ka kai shi gaban shugabannin kasuwa a nemi izini tun kafin ranar, a haɗa shi da mutum ɗaya da kowa ke jin nauyinsa ya riƙa bin su. In ba haka ba, da an ga kyamara 'yan unguwa za su taso da nasu harajin. Rumfarka lokeshan ce kyauta, abinci kuma daga gida. 'Yan dakon da za su fito a biya su abin da suka saba samu a yinin, don ka hana su nema ne. Jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama a manta da shi, sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, kusa da filin jirgi ma haramun ne. A kuma guji Yuni da Yuli, ruwan Ikko ba ya sanarwa.

Yanzu ga yadda zan yi in ni ne kai. Zan ware abin da in ya tafi gaba ɗaya ba zai hana ni barci ba, misali kashi ɗaya cikin uku na abin da ya nema, daga riba, ba daga uwar kuɗi ba, ba kuma dab da kakar albasa ba lokacin da kake buƙatar kowace naira a Aliero. Zan raba shi uku. Kafin alƙalami in ya kawo labari da kasafi a rubuce, kaso mafi tsoka ranar da za a fara ɗauka, ciko kuma sai na ga fim a haɗe. Wannan na ƙarshen kada ka sake shi da wuri. Gajerun finafinai da yawa a kwamfutar edita suke mutuwa, an cinye kuɗi a lokeshan, babu na editin, gyaran sauti da launi. Manhajar DaVinci Resolve tana da ta kyauta mai ƙarfi, amma mai zama a gabanta ba kyauta yake ba. A sayi diski biyu, a riƙa juye aikin kowace rana a duka biyun, ɗaya ya kwana a gidanka. Kiɗa kuma a sa wani ya yi musu sabo, don in suka ɗauki waƙar wani, YouTube na gane ta, kuɗin tallar ya koma aljihun mai waƙar.

Saura abin da ke ɓata zumunci. Ku faɗa wa juna sunan kuɗin nan tun yau. In kyauta ce, shi ke nan, kada ka riƙa goranta masa. In bashi ne, zai biya ka daidai abin da ka ba shi ko fim ya ci ko ya faɗi, ba ƙarin ko kwabo. In kuwa riba kake so, to ƙiradi ne, wato mudaraba: kai kuɗi, shi aiki, ku yanka kason riba tun farko, asara kuma a kanka take muddin bai yi sakaci ba. Ba a haɗa biyu, a ce uwar kuɗi ta dawo dole kuma a ci riba. Ni dai da kuɗin koyon sana'a zan kira shi, in ajiye maganar ƙiradi sai ranar da ya fara karɓar aikin talla.

A rubuta takarda gaban shaidu biyu, har da abokan nasa huɗu: wa ke da fim ɗin, da sunan wa za a buɗe tashar, wa aka biya, wa ya yi don a sa sunansa. 'Yan wasa ma su sa hannu cewa sun yarda a nuna fuskarsu. Sannan ka sa masa sharaɗi guda, cewa cikin kwanakin hayar kayan nan ya ɗaukar wa rumfarka tallar minti ɗaya. Da ita da fim ɗin zai zaga wajen 'yan kasuwa, bayan ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya buɗe asusun banki da sunan, domin kamfanoni da ƙungiyoyi sun fi sakin jiki su biya a irin wannan asusun.